Albasa Mai Gashin Tsuntsu

Jatau, koma ta can inda iska ke fitowa ka zauna, kada ka ce ban gaya maka ba. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni ba. Wanda gobara ta cinye wa rumbu ma jaje ake zuwa yi masa, ni kuwa barka ake yi mini ana toshe hanci. Ni da a da in na ratsa kasuwa sai an tambayi sunan turarena, yau ƙudaje ne 'yan rakiyata. To, tunda ka ce malaman gona za su zo wa ƙungiyarku ta masu lambu, kuma na ga idonka yana 'yar rawa irin ta mai shirya dabara, bari in ba ka misali. Da wani aka yi, ba da ni ba.

A wani gari na bakin fadama, albasa ta yi ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara har ta koma kamar goro. 'Yan ƙungiya suka gaji da zargin iri da zargin ruwa, suka gayyato malaman gona daga wata kwaleji. An zaci da magani a kwalba za su zo. Sai ga wata malama da abokan aikinta hannu rabbana, suka zauna a tabarma suna ta tambaya kamar masu neman aure. Suka ce su ma ba su san amsar ba, sai dai a taru a nemo ta. Aka yi yarjejeniya kowane manomi ya ware fangali biyu a jere, ɗaya ya yi yadda ya gada, ɗayan kuma a ba dashe tazara a rage masa ruwa. Sharaɗin guda ne: duk abin da mutum ya zuba a ƙasa, ya faɗa a taro.

A cikin manoman akwai wani mutum, dogo, kyakkyawa, mai gyararren saje, wanda gari ya sallama wa a kan albasa. Sirrinsa yana ƙuryar gidansa, a ɗakin tattabaru. Ya daɗe yana barbaɗa kashinsu a lambu, ko ƙaninsa bai taɓa gaya wa ba. Ya ce a ransa, in hanyar baƙi ta kayar da tawa, da wace fuska zan shiga kasuwa? Sai ya riƙa cika aljihun riga da busasshen kashin, ya tsuguna kamar mai cire ciyawa, ya tura wa fangalin tsohuwar hanya, ya bar na malamai da yunwa.

Ranar cira, a lambun kowa sabuwar hanya ta ɗan ɗara tsohuwa. A nasa kaɗai tsohuwar ta fito da albasa kamar kan jariri. Ya jera manyan a faifai ya zaga kasuwa da su, ba don sayarwa ba. A tunaninsa malamai za su naɗe tabarmarsu su tafi da kunya. Bai san halin mutanen nan ba: inda abu ya fita daban, a nan suke kafa zango. Suka taho lambunsa da ƙungiya kaf, ana ɗibar ruwa, ana tona ƙasa, shi kuwa yana tsaye yana shafa saje. Malamar ta tsuguna tana murza ƙasar a tafin hannu, sai ta zaro ɗan gashin tsuntsu. Ta sake tonawa, ta zaro wani. Ta ɗaga kai ta ce, "Baba, albasar nan taka tashi sama take shirin yi ne?"

Baba fa ta ce, Jatau, ga mutumin da furfurarsa ba ta kai a ƙirga ba.

Da tsawa suka yi masa, da ya huta. Godiya suka yi masa. Da rani ya zagayo aka sake gwaji, aka haɗa tazarar malamai da kashin tattabarunsa a lambun kowa, albasar fadamar gaba ɗaya ta kumbura. Matan gari suka kafa tasu ƙungiyar ta kiwon tattabaru. Shi kuwa aka ɗora masa koya wa jama'a yadda ake shanya kashin, don ɗanyensa ƙona dashe yake yi, da yadda ake barbaɗa shi. Kullum kafin ya gama karin kumallo an yi sallama da bokiti. Malamar har baƙi take kawo masa daga wasu garuruwa, ta ce ga abokin bincikenmu. Ƙungiya ta naɗa shi Sarkin Kashin Tattabara, kuma ranar sunan jikarsa da wannan sarautar maroƙi ya kira shi a gaban surukai. Albasarsa kuwa yanzu ba ta fi ta kowa ba.

Ka daina leƙen aljihuna. To, na ji, an wanke rigar har ta koɗe, warin ya ƙi fita. Da na buɗe baki a taron farko na ce ga abin da nake zubawa, wataƙila da yau Sarkin Albasa ake ce mini. Ba wanda ya aike ni, ni na cusa abin a aljihu da hannuna. In malamai sun zo muku, duk abin da ka sani ka zazzage shi a tabarma tun ranar farko. Hausawa sun ce, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.