Baƙuwar Inna Tabawa

Tun da aka kafa dokar ba duk wanda ya haura shekara saba'in na'urar jinya, sau ɗaya a shekara Zuwaira take zuwa Malumfashi daga Legas, don a sabunta muryarta a jikin na'urar mahaifiyarta, Inna Tabawa. Da muryar nan na'urar take gaishe da tsohuwar, take tuna mata shan magani.

Da hantsi ta iso, ta tarar da Inna zaune a gindin dalbejiya, na'urar na durƙushe tana shafa mata man kaɗanya a ƙafa.

"Zuwaira, kawo wa baƙuwa ruwa," in ji Inna.

Na'urar ta amsa, ta miƙe ta nufi randa.

Zuwaira ta matso kusa. "Inna, ni ce fa. Ba ki gane ni ba?"

"Ni da na haife ki? Na gane ki sarai. Na dai san kafin la'asar kin tafi. Ita kuwa ko sau uku na maimaita mata labari, ba ta taɓa cewa tana sauri ba."

Zuwaira ta sunkuyar da kai. "In sa a cire mata muryata?"

"A'a, bar mini ita. Ki dai ce wa masu sabunta muryar su koya mata gardama. Shekara huɗu ke nan ban ji kin musa mini magana ba, har na fara mantawa da halinki."

"Ba zan faɗa musu ba," in ji Zuwaira. "In gardama kike so, ni zan riƙa zuwa ina yi miki."

Inna ta gyara zama, ta matsa mata a tabarma.

"Ƙarya kike, ba za ki zo ba. To, musa mini."