Telan Da Ya Sa Wa Hayaƙin Maƙwabcinsa Ido

Ka ce tun da aikinka ya tsaya kake addu'a, amma ka duba gabas ka duba yamma, ba ka ga ta inda taimako zai ɓullo ba. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari an yi wani mai injin niƙa, magidanci mai 'ya'ya, wanda injinsa ya buga ana tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Makaniki ya duba ya ce sai an sake babban ƙarfe, abin da ko awakin gidan duka aka sayar ba za su saya ba. Sai mutumin ya rufe ɗakin injin, ya koma neman ƙwadago a gonakin mutane, wata rana a samu, wata rana a dawo da fartanya a kafaɗa. Daura da gidansa akwai wani tela da ke ɗinki a zaure, majami'arsu ɗaya. Telan nan ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son bin diddigi, ko rediyo ya saya sai ya kwance bayanta ya ga inda magana ke fitowa. Kowace safiya yana jin mai injin da iyalinsa suna waƙar yabo, suna roƙon abincin yini cikin sunan Yesu, da yamma kuma sai ya ga hayaƙi yana tashi daga madafinsu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya san rumbunsu ba ko ƙwaya, ya kuma san ba a taɓa jefo wa kowa buhu daga sama ba. Sai ya jawo keken ɗinkinsa bakin ƙofa, ya ce shi kam sai ya ga hanyar da Allah yake bi ya ciyar da mutum.

Yana ɗinki, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a ƙofar maƙwabci. Ran nan ya ga wata tsohuwa ta shiga da kabewa a ka, wadda mai injin ya sha niƙa wa hatsi kyauta. Tela ya ce a ransa, wannan ai ramuwar alheri ce. Wata rana mai mota ya kira mutumin lodin doya, ya dawo da 'yar masara a ƙulle. Tela ya ce wannan kuma guminsa ne. Da matan zumunta na majami'arsu suka kawo garin rogo, ya taɓe baki ya ce ai sun saba. Duk abin da ya shiga gidan nan sai ya gano mai shi, ya san sunansa da unguwarsu, har ya fara jin cewa bincikensa ya ƙare: mutane ne kawai, babu wani abin ɓoye.

Sai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya je gona, ba motar da ta shigo gari, ba mai leƙo ƙofar wani. Tela ya ji sun yi waƙarsu ta safe yadda suka saba, ya ce yauwa, yau ce ranar da zan gani. Rana ta raba, shiru. La'asar ta yi, ruwa ya tsagaita, gidaje suka fara hayaƙi, ban da gida ɗaya. Ya hango yaran sun fito sun jeru a dakali, ba mai wasa, ba mai kuka, ƙaramar cikinsu tana tsotsar bakin zanenta. Ya ɗinka hannun riga a karkace, ya farke, ya sake ɗinkawa a karkace. Yana ta leƙen hanya ko wani zai ɓullo, hanya kuwa ba kowa sai kwata tana gudu. Da abin ya ishe shi, ya tashi ya shiga gida, ya sa matarsa ta auno garin masara da kuka da daddawa, ya ɗauka da kansa ya tsallaka taɓo.

Mai injin ya karɓa da hannu biyu. Ya ce tun safe suke roƙon Ubangiji, bai dai san ta hannun maƙwabci abin zai zo ba. Tela ya ce a'a, kada a ɗora masa abin da ba haka ba, shi ba wanda ya aiko shi, gani ya yi kawai ya kasa zama.

Mai injin ya ce, "To, maƙwabci, wa ya zaunar da kai a bakin ƙofata kana gani?"

Tela ya tsaya nan a tsakar gidan, ƙafafunsa duk taɓo, har matar gidan ta hura wuta, yaran suka kewaye murhu.

Kada ka ɗauka washegari injin ya tashi. Sai bayan kaka aka gyara shi, kafin nan kuwa sun sha kunu tsararo ba sau ɗaya ba, tufafin yaran sun sha faci. Amma ba su kwana da yunwar da ta kai su ƙasa ba, bakinsu kuma bai bar godiya ba. Saboda haka ka ci gaba da roƙonka, ka fita neman abin yi, in an miƙo maka kuma kada kunya ta hana ka karɓa. Ba a ɗora maka sanin hannun da za a aiko ba, sau da yawa ma mai hannun bai san an aike shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, bakin da Allah ya tsaga, ba ya hana shi abinci.