Sakamakon Hoton Rufaida

Bayan la'asar Ghali ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidansu Rufaida a Doguwa. Wata uku ke nan da ta ce ya janye maganar aurensu, ranar da likita ya ce kansar huhunta ta daina jin maganin da take sha.

Ta fito zaure riƙe da takarda, ta ƙi yarda su haɗa ido.

"Sun sake gwaji a Kano," ta ce a hankali. "Wai ƙwayar halittar ciwon ce ta sauya, sai suka haɗa mini da magani na biyu. Jiya aka yi hoto. Ƙarin da ke huhun ya ragu."

Ghali ya dafa bango, ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi."

"Ba warkewa ba ce fa, Yaya Ghali. Likita bai yi mini alkawarin shekaru ba."

"Ni wa ya yi mini?" Idanunsa suka ciko. "Tun kafin hoton nan na roƙi kawuna ya zo wurin Babanki ranar Juma'a."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "To, ka ce masa ya yi sammako."