Kumatun Kifin Auta

"Ba ni shi in soya kafin ya mutu a banza," in ji Mama.

Auta ta rungume akwatin gilashin tana hawaye. Namijin kifinta ya daina cin abinci, kumatunsa sun kumbura suntum.

Mama ta zura ludayi. Kifin ya wangale baki, sai ga 'ya'ya mitsi-mitsi suna fitowa bi da bi. Ashe ƙwai yake raino a baki!

"Mama, ba a soya mai jego!" Auta ta daka tsalle.

Mama ta juya a hankali ta dubi Baba, wanda ciwon haƙori ya kumbura wa kunci.

"Malam, buɗe bakin nan in gani. Ni fa na gama raino."