Fara da Ƙafar Hagu

"Kaka, sau nawa zan faɗa? Ba a taɓa bango!"

Tun safe tsohon nan yake ƙona wa Verlinda rai. 'Yar ƙabilar Zuni ce, ita ce jami'ar da ke zagayawa da baƙi cikin gidajen kakanni da aka gina a kogon dutse, sama dutse, ƙasa rami mai sa jiri. Kowa na ɗaukar hoto, shi kuwa Eldon, dattijo ɗan ƙabilar Hopi mai baƙin tabarau, sai shafa duwatsu yake kamar mai taya doki, jikarsa na maƙale da hannunsa.

"Gidan kakata ne, 'yar Zuni, kya hana ni gaisawa?" in ji shi. "Rage surutu, ruwa na tafe." Ko sama bai kalla ba.

Kafin a kai tsanin fita, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya ɓarke. Baƙi suka haye ɗaya bayan ɗaya. Jikar ta hau da jakarsa don ta miƙo masa hannu daga sama. Isarta ke da wuya, wani dutse ya ɓalle ya raba tsanin biyu.

Saura su biyu a kan siririyar gaɓa. Hanyar komawa kogon, ruwa ya riga ya cinye ta, yana kuma hawowa. Rediyon aikin Verlinda ya ce masu ceto na tafe. Ruwan bai ce zai jira su ba.

Tsohon ya bi bango da tafin hannu, ya tsaya. "Ga matakalar mutanenmu."

Ƙananan ramuka ne, sun siɗe har ba sa ganuwa. Shekara da shekaru Verlinda tana wuce su.

Ta hau a fusace. A tsakiya hannunta ya lalubi gurbi, babu. Ta leƙa ƙasa, ta ƙanƙame dutsen.

"Da wace ƙafa kika fara?"

"Dama!"

"Ai shi ke nan. Tarkon maƙiya ne, uwar doka: wanda ya fara da dama, a tsakiya zai maƙale. Sauko a hankali."

Da ƙyar ta sauko, ruwa ya kai idon sawu. Ya ture ta gefe ya sa ƙafar hagu.

"Inda na cire dunduniya, nan za ki sa. Kada ki kalli komai sai takalmina."

Aradu ta tsaga sama. Bai ko gezau ba. Hannu, ƙafa, hannu, ƙafa, bai yi kuskure ko ɗaya ba, ita kuwa tana binsa tana kiran sunan uwarta.

A sama ta zube tana haki. "Kaka, wace irin zuciya gare ka? Ramin nan ko a jikinka!"

 Jikar ta rugo tana kuka, ta zazzage jakar, ta warware farar sandarsa ta makafi ta danƙa masa a hannu.