Kilomita Dubu Tara na Ciyaman

Kowace Asabar da hantsi, mutum goma sha bakwai ke taruwa a gaban shagon magani na Ciyaman, sanye da matsattsun wanduna da hulunan kwano masu kama da rabin kankana. Su ne ƙungiyar mahaya keke ta gari. Sai sun ɗauki hoto sau uku kafin kowa ya taka feda.

Ciyaman ne ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta dokokinta, shi ke da keken da ya fi na kowa tsada. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Shi kansa mai keken kuwa, sai ya ja numfashi ya haɗiye tumbi kafin zif ɗin rigarsa ya yarda ya hau.

Doka ta farko ta ce wanda ya fi kowa nisan tafiya a shekara shi ke riƙe shugabanci. Kowa na da agogon hannu mai ƙirga kilomita, yana tura lissafin zuwa shafin ƙungiya. A shafin nan Ciyaman dodo ne. Kilomita talatin kullum, kwana shida a mako, ko ruwa ko rana, daga bayan gari zuwa kasuwar katako, sannan ya koma. Ya ce hawan tudun hanyar yake so, shi ke gina cinya.

Ranar fitar ƙungiya ce kawai ranar hutun jikinsa. Sai ya bi su a baya a hankali, ko ya ɗora keken a mota ya ce zai duba lafiyar masu rauni.

Sakataren ƙungiya, wani malamin lissafi siriri kamar sanda, ya sa wa ransa sai ya kayar da shi bana. Ya daina hawa bas. Yana zuwa makaranta a keke, yana dawowa ta doguwar hanya, har gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Matarsa ta ce keken ya aura, ita ’yar rakiya ce. Duk da haka kowane mako sai ya ga Ciyaman ya ba shi tazara.

Wata Asabar suna tsakiyar hawan tudu, harsuna a waje, sai ga wani dattijo kafinta a kan baƙin keke mai gurnani, zarto ɗaure a kariyar bayan keken, akwatin kusoshi na ta kacau-kacau. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa, rigarsa mai dogon hannu a rufe ruf har wuyan hannu, ko gumi bai yi ba. Wasu sun gane shi. Kullum da yamma yakan tsaya a shagon Ciyaman, ya shige ɗakin ciki na minti ashirin.

“Mu sa tsohon nan a ƙungiya mana,” in ji sakatare da suka tsaya shan ruwa.

“Wannan? Mai hawan jini ne, awo yake zuwa wurina,” Ciyaman ya faɗa ta tagar mota. “Ba hula, ba takalmi, kekensa kamar injin niƙa. Mu ’yan wasa ne, Malam, ba ’yan neman na cefane ba.”

Aka yi dariya. Sakatare ma ya taya.

Ƙarshen shekara suka kama zauren wani otal. Aka jera kujeru, aka kafa babban allo da ke nuna shafin ƙungiya kai tsaye. Sakatare ya zo yana ɗingishi, ya karanta sakamako da muryar wanda ya haɗiyi ƙashi. Shi yana da dubu takwas da ɗari biyu. Ciyaman, dubu takwas da ɗari tara da casa’in da uku.

Ciyaman ya karɓi kofi, ya gyara tsayuwa, ya fara jawabi kan juriya. Ya ce matasan yanzu ba su san wahala ba. Ya ce shi ƙafarsa ce shaidarsa.

Sakatare ne ya fara lura. Lambar Ciyaman da ke kan allo ta koma casa’in da huɗu. Ya goge tabarau. Casa’in da biyar.

“Ciyaman, kana tafiya,” ya ce.

“Matsalar intanet ce,” in ji Ciyaman, bai waiwaya ba. Ya ci gaba da jawabi, amma muryar ta sirance, gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hular kwanon da ya ƙi cirewa.

Ba wanda ya ƙara sauraronsa. Idanu duk sun koma kan taswirar allon, inda ɗigon da ke nuna wurin da agogon Ciyaman yake ke ta rarrafe, ya wuce gada, ya karya kwana, ya miƙo titin otal. Lambar ta buga dubu tara cif. Jim kaɗan ɗigon ya tsaya a bakin ƙofa.

Aka ji an jingine keke a waje, da ƙarar kusoshi. Dattijon kafinta ya leƙo, garin katako a gemunsa, ya yi sallama. Ya nufi Ciyaman yana naɗe hannun riga, fuskarsa duk damuwa.

“Auta, ka yi haƙuri, a shago aka ce min kana nan. Agogon awon jinin nan da ka ɗaura min, ka haɗa ni da girman mahaifiyarmu kada in hau keke ba shi, yanzu ya yi ƙara ya rubuta dubu tara. Ka faɗa wa yayanka gaskiya, jinin ne ya hau haka?”