Salansar da Noelene Ta Zaɓa

Salansa ta uku ke nan Col Brannigan ya ɗaura wa babur ɗinsa cikin shekara guda, amma har yanzu babur ɗin kamar mai fama da mura. Ya murza totur, ya kasa kunne, ya ja tsaki. Matar maƙwabcinsa ta leƙo ta saman shinge tana yarfa hannu, fuska a murtuke. Ya ɗaga mata hannu, ya ci gaba da abinsa.

Shekara talatin da ɗaya Col ya yi yana fasa dutse a ramin zinariya na garin Kalgoorlie a ƙasar Ostireliya. Bai taɓa fashin aiki ba, bai taɓa ganin likita ba, robar toshe kunne da ake raba musu ma a aljihun teburin kicin yake zubawa, wai kayan ragwaye ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi ƙaton babur mai dogon ƙaho, irin wanda ake zama a kai kamar a kujerar falo. Da farko in ya tayar da shi har gidan ƙarshen layi sun sani. A bana ne muryar ta dusashe.

A duk garin, babur ɗaya ne ya rage mai murya, na Stavros bakanike. Ran Lahadi in tsofaffin ma'aikata sun jera a kan baburansu zuwa garin Coolgardie shan shayi, na kowa sai ya yi tsit, na Stavros kaɗai ke gurnani. Abin yana ci wa Col rai. Ya taɓa cire girman kai ya tambaye shi, "Mutumina, wace irin salansa ce wannan taka?" Stavros ya motsa baki ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a a coci. Col ya ce a ransa, ɗan rowa, ko sunan ma ba zai faɗa ba.

Da a babur abin ya tsaya da sauƙi. Sai ga Noelene, matarsa ta shekara talatin da huɗu, ta koyi raɗa. A waya raɗa, da 'yarsu raɗa, shi kansa in tana masa magana sai ya zuba wa bakinta ido.

"Ki buɗe baki ki yi magana mana!" in ji shi wata safiya.

Ta dube shi, ta shafa kumatunsa, idonta ya kawo ruwa. Col ya ce lallai, mai laifi ba ya iya haɗa ido.

Ran Asabar ta ce za ta gyaran gashi. Ya fita sayen jarida, sai ga motarta a ƙofar garejin Stavros. Ya laɓe bayan tarin tayoyi. Noelene, wadda ko sau ɗaya ba ta yarda ta hau bayansa ba saboda ta tsani ƙara, ga ta tsaye dab da wani babur da ake murzawa, ido a rufe, tafin hannu a ƙirji. Ta girgiza kai. Stavros ya kwance salansar, ya ɗaura wata. Ta sake rufe ido. Da suka gama suka yi dariya, har ta dafa kafaɗarsa.

Col ya koma gida zuciyarsa na tafasa. Abincin rana ma ya ture. Stavros gwauro ne, gashinsa bai zube ba, ga babur mai murya. Shi kuwa me ya rage masa? Asabar ta biyu ya sake laɓewa, ya sake ganin abin da ya gani. Kishi ya hana shi sakat, har ya fara ƙirga rigunan da za su shiga jaka ɗaya.

Asabar ta uku ya buɗe rumfar da yake ajiye babur ɗinsa, ya tarar wayam. Har babur ɗin nasa ta kai wa mutumin! Ya murɗe zoben aurensa ya zare shi da ƙyar, ya damƙe shi a hannu, ya nufi gareji a ƙafa cikin rana tsaka.

Yana shiga ya ga babur ɗinsa a tsakiyar fili, an ɗaura masa wata baƙar salansa mai faɗin baki. Noelene ta ba ƙofa baya.

"Noelene!" ya daka tsawa. Ba ta juyo ba. "Shekara talatin da huɗu! Da wannan tsohon kwarton za ki ci amanata?"

Stavros ya saki sifana, baki buɗe. Ita ko gezau. Wannan raini ya fi masa komai ciwo. Ya finciko kafaɗarta, zoben na cikin hannunsa, yana shirin jefa mata.

Ta juyo a firgice, sai kuma fuskarta ta washe. Ta kamo hannun nasa a dunƙule yadda yake, ta manna masa shi a ƙirjinsa, ta yi wa Stavros alama da kai. Stavros ya murza totur.

Abin ya taso ta tafin ƙafarsa, ya bi gwiwa, ya cika masa haƙarƙari. Muryar babur ɗinsa ce sak, irin ta ranar da ya saye shi, sai dai ba ta kunne ta shigo ba. Ya tsaya ƙiƙam, zoben na rawa a cikin tafinsa.

Noelene ta sa yatsa ta zaro robobi biyu masu ruwan ɗorawa daga kunnuwanta, irin na aljihun teburin kicin. Ta matso dab da fuskarsa yadda zai ga leɓɓanta, ta ɗaga murya har jijiyar wuyanta ta tashi.

"Asabar uku ina toshe kunnena, tsoho, don in zaɓo maka wadda kurma zai ji."